Gutsuren Lu'ulu'u a Buza

Buza, 6 ga Maris 1995

Zuwa ga Salome Yosefu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Mahfuzu Bawa ne, abokin karatunki tun sakandare, lise ta Tawa, har jami'a a Yamai. Na faɗi haka ne don shekara biyar ke nan ba mu ji juna ba, ban sani ba ko za ki gane rubutuna.

Na samu adireshinki wurin yayanki Elisha. Na kai Inna asibitin mishan watan jiya saboda idonta na hagu, sai na tarar da shi bisa tsani yana gyaran waya a ɗakin jira. Shi ya fara gane ni. An yi wa Inna aiki, tana gani yanzu, alhamdu lillahi.

Ni ina nan Buza, ina koyar da fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, a kolej. Na yi aure, sunanta Husaina, muna da 'ya guda, Fatiha. Gonar Baba tana hannuna tun rasuwarsa.

Ga dalilin wasiƙar. Makon jiya na yi darasi a kan karbon. Na gaya wa ɗalibai cewa gawayin da ake hura wuta da shi a gidajensu da lu'ulu'u abu ɗaya ne, yadda ƙwayoyin suka jeru ne kawai ya bambanta. Sun rubuta a kaye, littafin rubutunsu, don sun san zai fito a jarrabawa, amma ba su yarda ba. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko na taɓa ganin lu'ulu'u da idona. Na ce a'a.

Elisha ya ce aikinki a Faransa shi ne yin lu'ulu'u daga iska. Ya faɗa yana dariya, don haka ban san iyakar gaskiyarsa ba. In haka ne, ina roƙon ki bayyana mini yadda ake yi, da kalmomin da zan iya maimaita wa 'yan shekara goma sha biyar. In kuma akwai wani gutsure da ya lalace, wanda za a zubar, kuma dokar wurinku ba ta hana ba, ki aiko mini. In babu hali, babu komai.

Allah ya ba da sa'a.

Mahfuzu

*

Faransa, 9 ga Afrilu 1995

Malam Mahfuzu,

Na gane rubutunka tun daga bayan ambulan. Har yanzu kana yi wa bakwai ɗinka ɗamara biyu. Na gode da gaisuwa, ina gaida Inna da jiki, da Husaina da ban sani ba, da Fatiha. Zan amsa maka da Hausa yadda ka rubuto, don a nan sai in yi wata ban furta kalma ɗaya ba.

Yaya Elisha bai yi ƙarya ba, amma ka cire tunanin abin wuya daga ranka. Abin da nake yi ba ya sheƙi. Muna da wata tukunyar ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta ƙaf. Sai a saki gas iri biyu: idrojen mai yawa, da metan kaɗan, kashi ɗaya cikin ɗari. A ciki akwai siririyar waya da ake zafafawa har ta yi fari, zafinta yana wargaza gas ɗin. Karbon da ke cikin metan ya riƙa sauka a kan wani faifan silisiyom mai zafi. Wanda ya jeru irin na gawayi, idrojen ya cinye shi. Wanda ya jeru irin na lu'ulu'u, shi ke zama. A awa ɗaya kaurinsa ba ya kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi.

Amfaninsa shi ne abin da nake rubuta tez ɗina, kundin digirin dakta, a kai. Roba da tangaran suna tare wutar lantarki, amma suna tare zafi ma, shi ya sa na'ura mai jan wuta da yawa take dahuwa daga ciki. Lu'ulu'u kuwa yana tare wuta, zafi kuma yana ratsa shi fiye da yadda yake ratsa jan ƙarfe. In aka shimfiɗa shi a kan sassan na'ura, an samu biyun. Aikina in tabbatar namu na labo, ɗakin bincikenmu, yana tare wutar da gaske. Ina sa shi cikin akwatin awo, in zuƙe iska, in ɗumama shi kaɗan ya bushe, sannan in auna. Samfuri arba'in da ɗaya na auna cikin shekara uku, babu wanda ya bar wuta ta wuce. Sutnans ɗina, wato kare tez a gaban malamai, a watan Nuwamba ne. Akwai wani kamfani da ke jiran sakamakon, kuma Farfesa, maigidan labonmu, ya ce zai ba su sunana in na gama.

Ga gutsure nan cikin auduga a ƙaramin akwatin roba. Ya yi kwana biyar a tukunya, na narkar da silisiyom ɗin ƙarƙashinsa da asid, abin da ya rage lu'ulu'u ne zalla. Launin toka ne, girman farcen ƙaramin yatsa. Ɗalibanka za su ce fatar kifi ce. Ka sa su karci kwalba da shi.

Mahfuzu, sau da yawa na ɗauki biro don in rubuta maka, in ajiye. Mu biyu mun san burs ɗin nan, tallafin karatu a waje, guda ɗaya ce, kai ne na farko, ni ce ta biyu, kuma da Baba Bawa bai kwanta ciwo ba, da kai ke tsaye gaban tukunyar nan. Ban san yadda ake fara wasiƙa da wannan ba. Na ji daɗi da ka fara da karbon.

Taka,
Salome

*

Buza, 4 ga Yuni 1995

Salome,

Bayan gaisuwa. Saƙo ya iso lafiya, na gode ƙwarai. Inna da Husaina suna amsawa.

An yi darasin. Na karanta musu bayaninki, sannan aka kawo kwalbar lemo. Ya karce ta kamar ƙusa a kan sabulu. Kowa ya so ya gwada, a hannun na tara ya tsage biyu, babba da ƙarami. Laifina ne da na bar shi ya zaga. Direkta ma ya shigo ya gani.

Akwai abin da ban gane ba. Na so in nuna musu cewa yana tare wuta, don haka da na mai da Inna asibiti a duba idonta, na ari mitar Elisha, irin mai allura. Kin san ta: in abu ya tare wuta allurar ba ta motsi, in ya bar ta ta wuce allurar ta tashi. Na gwada a gida kafin in kai aji. Na ɗora bakin wayoyin biyu a kan babban gutsuren, tsakaninsu kamar kaurin ashana biyu. Allurar ta tashi. Ta tsaya wajen kilo-om sittin.

Na ɗauka gumin hannu ne. Na wanke shi da alkol na asibiti, na bar shi ya bushe, na riƙe shi da hantsaki. Sittin da biyu. Na gwada kwalba, na gwada fasasshen kofin tangaran, allurar ba ta motsa ba. Na gwada ƙaramin gutsuren, shi ma ya bar wuta ta wuce. Na canza pil, batirin mitar, babu bambanci.

Ban kai wannan aji ba, na ce musu mitar ba ta samu ba. Ki gaya mini inda na yi kuskure.

Maganar burs, ta wuce.

An yi ruwan farko ranar Talata, mun yi shuka.

Mahfuzu

*

Faransa, 1 ga Yuli 1995

Mahfuzu,

Na samu wasiƙarka, ina gaida gida. Ba ni da lokaci sosai, ina rubuta babi na huɗu.

Ko dai mitar Yaya ta lalace, ko danshin damina ne da datti. Abin da ya zaga hannun yara tara, alkol ba zai wanke shi ba. Na'urar da nake awo da ita ta cika rabin ɗaki, tana jin wutar da mitarka ba za ta ji ba ko an ninka ta sau miliyan, kuma sau arba'in da ɗaya ta ce babu. Ka daɗe ba ka shiga labo ba, abu ne mai sauƙi mutum ya ga abin da babu shi in yana aiki a kan tabarma.

Ka gaya wa ɗalibanka lu'ulu'u yana tare wuta, haka yake a kowane littafi. Don Allah ka bar maganar nan haka.

Salome

*

Asibitin mishan, 20 ga Agusta 1995

Ƙanwata Salome,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Baba da Mama suna lahiya, suna gaishe ki, kullum sai an ambace ki wurin addu'ar sahe. Susana da yara ma haka. Ruwa ya yi bana, hatsi ya hidda kai tun daga nan har Galma.

Zan tahi kai tsaye ga magana. Mitata ba ta da komi. Da ita nika duba wutar ɗakin tiyata, da ta lalace da tuni an sani. Mahfuzu ya maido mini ita watan jiya, yac ce ke kika ce in duba ta. Na duba gabanshi, daidai take. Nac ce shi riƙe ta har ƙarshen bakans, hutun makaranta, ina da wata. Sannan nat tambaye shi mi kika rubuto. Ya hiddo wasiƙar daga aljihu ya miƙo. Na karanta. Ba haka Baba ya koya muna magana da mutane ba, amma wannan tsakaninki da Allah.

Asabar da ta wuce na hau moto na tahi Buza don in gani da idona. Tabarma ce kuwa, ba ki yi ƙarya ba. Shina da kaye guda da ya ja wa layi, kullum sau biyu shina awo, da sahe kahin shi tahi gona da la'asar in ya dawo. Ya rubuta rana, da ko an yi ruwa, da lambar da allura ta nuna. Husaina tac ce ko baƙi anka yi sai ya tashi ya yi awon nan ya dawo.

Ga abin da ya gano. Ya ɗora marhin gwangwani bisa murhun gawayi, ya sa babban gutsuren a kai, zahi kaɗan, irin wanda ɗigon ruwa ke rawa a kai. Da ya huce ya auna, allura ba ta motsa ba. Washegari ta ɗan tashi. Kwana biyu, ta koma sittin ɗinta. Sau shida ya yi haka, sau shida haka ta kasance. Ƙaramin gutsuren kuwa, ran nan ya hura mishi wuta har marhin ya hara ja, ya bar shi minti goma. Wannan tun ranar allura ba ta ƙara motsi a kanshi ba. Mako huɗu ke nan. Ni da hannuna na auna su biyun, babba na wucewa, ƙarami shiru.

Ni ba mai shimi ba ne, amma shekara goma sha takwas ina aikin wuta. In an kawo mini abu an ce izolan ne, mai tare wuta, in sa mita ta nuna sittin, ba ni sa shi ko a injin wanki, balle kusa da maras lahiya.

Nac ce mishi shi rubuta miki. Yac ce, "Ta ce in bar maganar. Sutnans ɗinta ya kusa."

Nac ce to don mi kake ci gaba da awo?

Yac ce, "Ina son in sani."

Na roƙe shi kayen, ya ba ni na kwana uku. Ga shahi goma sha ɗaya nan na kwafe miki da injin ofis. Ki duba ko ki jefar, ya rage naki. Mama tac ce ki riƙa cin abinci, hoton da kika aiko ba ta ji daɗinshi ba.

Ubangiji shi kiyaye ki.

Yayanki,
Elisha

*

Faransa, 17 ga Satumba 1995

Mahfuzu,

Bayan gaisuwa. Ina fata damina ta yi albarka, Inna da Husaina da Fatiha suna lafiya.

Kai ke da gaskiya.

Wasiƙar Yaya ta yi kwana huɗu a jakata. Ranar Juma'a da rana, da mutane suka fita cin abinci, na je ɗakin masu gyara na ari mita irin tasa. Na buɗe durowar da nake ajiye samfurori, na auna su a kan tebur, cikin iskar ɗaki, yadda ka yi. Na fara da na farko na ƙare da na arba'in da ɗaya. Duka suna barin wuta ta wuce. Babu wanda yaro ya taɓa.

Yanzu na ga abin da ya faru. Cikin lu'ulu'un yana tare wuta, wannan bai canza ba. Ta fatarsa wutar take bi. A tukunya idrojen ne ke rufe saman, kowace ƙwayar karbon ta waje tana riƙe da idrojen guda. Irin wannan saman, in ya sha iska, yana zama hanya. Ni kuma kafin kowane awo ina ɗumama shi in zuƙe iska, wato ina share abin da ya kamata in auna, da hannuna, shekara uku. Ba a cikin akwatina kamfani zai yi amfani da shi ba, cikin iska ne kamar ta Buza. Na koma laburare na tarar wasu sun taɓa ba da labarin abu mai kama da wannan shekarun baya. Na taɓa ganin takardar, na wuce ta, don na ɗauka nasu ne ba shi da kyau.

Abin da ka yi wa ƙaramin gutsuren shi ne maganin. Zafi mai ƙarfi cikin iska yana korar idrojen, oksijen ya maye gurbinsa, saman ya rufe. Na gwada da samfuri biyar a tanda, da oksijen, digiri ɗari biyar. Kwana goma ke nan suna kan tebur, shiru. Da ka ƙara hura wutar sosai da ka ƙone shi ƙurmus, ya koma iska.

Farfesa ya san abin da aka gano. An ɗage sutnans zuwa watan Mayu, babi biyu sai an sake su daga tushe. An sanar da kamfanin.

Wasiƙata ta Yuli ba ta dace ba. Ka yafe mini.

Salome

*

Buza, 15 ga Oktoba 1995

Salome,

Bayan gaisuwa. Mun gama yankan hatsi, dawa ta rage. An koma lakwal makon jiya, ajina na bana mutum saba'in da huɗu ne.

Babu komai game da wasiƙar Yuli. Na ji ba daɗi da aka ɗage sutnans, amma gara yanzu da bayan an sa shi a na'ura.

Bayaninki na idrojen da oksijen ya gamsar da ni a kan ƙaramin gutsure. A kan babban, akwai saura. In idrojen kaɗai ne ke buɗe hanyar, zafi kaɗan bai kamata ya rufe ta ba, tunda kin ce sai zafi mai ƙarfi ke korarsa. Kuma in ya kore shi, ba shi da inda zai samo wani cikin kwana biyu a ɗakina. Ke nan akwai wani abu na biyu da ke sauka daga iska, ya tafi da ɗumi, ya dawo. Kin ce "in ya sha iska". Mene ne a cikin iskar?

Na zargi ruwa. Na samo farar ƙasa ƙonanniya wadda ba a jiƙa ba wurin magina, na zuba a kwalba mai marfi don ta shanye danshi. Na ɗumama gutsuren, na sa shi ciki bisa takarda, na rufe. Bayan kwana biyu na fitar na auna nan take, allurar ta ɗan motsa kawai. A waje, kwana biyu sun isa ta koma sittin. Sau uku na yi. Ba hujja ba ce, kwalbar tana shan iska duk sanda na buɗe, kuma farar ƙasa ba ruwa kaɗai take sha ba. Ku da kuke da akwati, kuna iya sakin iska iri ɗaya ɗaya, busasshiya da mai danshi, ku ga wadda ke yi. Na kwafe miki lambobin a bayan takardar nan.

Elisha ya ce in riƙe mitar, ya bar mini.

Ki gaida Farfesa, ko da bai san ni ba.

Mahfuzu

*

Faransa, 19 ga Nuwamba 1995

Mahfuzu,

Ina gaishe ka, ina gaida gida duka. Wannan wasiƙar tana da tsawo, ka karanta ta kai kaɗai.

Ka ce in gaida Farfesa ko da bai san ka ba. Har ranar da wasiƙarka ta zo bai san ka ba, kuma ni na sa. A Satumba na rubuta maka cewa ya san abin da aka gano. Na zaɓi kalmomin ne da gangan. Abin da na gaya masa shi ne ni na gano. Na ce wani shakku ne ya taso mini, na auna a iska, sannan na yi tunanin gasa shi da oksijen. Na shiga ofishinsa ina tsoron zai kore ni. Maimakon haka ya tara mutanen labo ya yabe ni, ya ce ga ɗalibar da ta tono kuskurenta da kanta wata biyu kafin sutnans, haka ake son mai bincike. Ya ce mu rubuta makala, sunana da nasa. Na tsaya ina murmushi. Shafukanka suna cikin jakata a lokacin.

Na yi ta gaya wa kaina zan sa sunanka a godiyar ƙarshen tez. Na ce ai kai ba ka bukatar makala a Buza. Wata biyu ina haka.

Da wasiƙarka ta Oktoba ta zo, na yi gwajin da ka ce. Busasshiyar iska ba ta yi komai ba sai kaɗan. Mai danshi ta buɗe hanyar cikin awoyi. Na ga cewa in na kai masa wannan ma, zai sake tara mutane. Kuma za ka sake rubutowa, da wata tambayar, in sake kaiwa.

Ranar Litinin na ɗauki shafukan Yaya goma sha ɗaya da wasiƙunka biyu na ajiye masa a tebur. Na fassara masa su layi layi. Ya daɗe yana duba jerin lambobin. Ya tambayi mene ne murhu, na zana masa. Ya tambayi ta yaya ka san zafin marfin, na ce da ɗigon ruwa da kuma launinsa.

Sannan ya ce, "Wane ne mutumin nan?"

Na ce, "Shi ne ya zo na farko shekarar da na zo ta biyu."

Ya cire tabarau ya ce kuskuren awo na kowa ne, shi ma ya sa hannu a kan arba'in da ɗayan nan, bai taɓa tambaya ba. Amma abin da na yi a Satumba ba kuskure ba ne. Ya ce zan yi sutnans a Mayu, don aikin nawa ne, kuma na zo na faɗa da bakina. Sunana kuwa ba zai kai wa kamfanin ba, ba zai kuma rubuta mini takardar shaida ba, don in an tambaye shi ba zai iya yin shiru a kan wannan ba. Bai ɗaga murya ba. Washegari ya tara mutanen labo ya gyara maganarsa ta farko, ina zaune.

Don haka bayan Mayu wataƙila in dawo gida. Ban gaya wa Baba da Mama ba tukuna. Yaya na rubuta masa jiya.

Ga takardu biyu a ciki. Ta farko makalar ce, sunanka ne na farko, nawa na biyu, nasa na uku. Shi ya jera su haka. Ka duba ta, ka sa hannu a shafin ƙarshe in ka yarda. Ta biyu gayyata ce: wata shida a labo daga Satumba mai zuwa, da masauki da tikiti, kuma ya ce in abin ya yi kyau za a duba maganar tez. Yana son amsa kafin ƙarshen Fabrairu. Na gaya masa kana da aji da gona da uwa da iyali. Ya ce shi dai ya tambaya.

Sau biyu ke nan ina ɗaukar abin da yake naka. Na farko ba ni na nema ba. Na biyu na san abin da nake yi. Ba na ce ka amsa mini da daɗi ba.

Salome

*

Buza, 21 ga Disamba 1995

Salome,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. Ina yi muku barka da Kirsimeti, ke da su Baba Yosefu.

Na sa hannu a makalar, ga ta nan. A shafi na uku an rubuta cewa na gasa gutsuren a tanda. A gyara, murhu ne.

Burs ni na janye takarduna da hannuna, ba ki ɗauki komai ba. Na Satumba kin faɗa, na ji. Na yi kwana biyu ban so in amsa ba. Yanzu ya wuce. Ki gama babin nan biyu. In kin dawo, jami'a a Yamai tana bukatar mai shimi, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗi duka, har da ranar Litinin ɗin da kika kai wa Farfesa takardun.

Gayyatar na karanta wa Husaina. Ta tambayi wa zai yanke hatsi in na tafi a Satumba. Na ce ƙanena Audu. Ta ce Audu bai iya ɗaurin dami ba, ta ci gaba da tankaɗe. Inna ban gaya mata ba.

Ranar Asabar na je Tawa sayen alli da kaye. Da na gama akwai sauran lokaci kafin mota ta cika, sai na shiga wurin mai hoto na ɗauki irin na fasfo, guda huɗu. Suna cikin littafin shimi na aji huɗu. Ban cika takardar gayyatar ba.

Ki ce wa Farfesa zai ji daga gare ni kafin ƙarshen Fabrairu.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahfuzu Bawa